Ƙasar da Ƙanƙara Ta Saki: Nazarin Glacier Bay Domin Mai Gyaran Fako a Jigawa

Duk inda aka ja sabuwar hanya a karkarar Kano ko Jigawa, ba a rasa wani ƙaton rami a gefenta, inda motocin kamfani suka kwashe jar ƙasa da marmara don cikon titi. Ƙasar sama, wadda iyaye da kakanni suka yi shekaru suna kai wa taki a mangala, ta tafi ko an binne ta. Abin da ya rage dandamali ne ja mai tauri, wanda in ka sara masa fartanya sai ta yi ƙara ta dawo. Mai gonar kan tsaya a bakin ramin ya tambayi malamin gona: "Malam, wurin nan zai sake zama ƙasa kuwa? In zai zama, nan da shekara nawa?"

Tambayar tana da amsa, amma wurin da aka fi daɗewa ana auna ta yana can Alaska, a arewa maso yammacin Amurka, a wani mashigin teku da ake kira Glacier Bay. A can ƙanƙara ce ta yi aikin katafila. Ta kankare ƙasa har dutse, ta janye, ta bar fili babu iri, babu saiwa, babu ruɓaɓɓen ganye. Masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna bin yadda wannan fili yake komawa daji, kuma abin da suka gano, har da kuskuren da suka gyara daga baya, ya shafi mai rami da mai fako kai tsaye.

Yadda filin ya samu

Kogin ƙanƙara dusar ƙanƙara ce da ta yi ta taruwa a kan duwatsu shekara bisa shekara, ta danne kanta har ta zama curi guda, nauyinta ya sa take gangarowa a hankali tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta. Wajen shekarar 1750 irin wannan ƙanƙara ta cika Glacier Bay baki da hanci, kaurinta ya haura mita 1,000 a wasu wurare. Mutanen Tlingit, 'yan asalin yankin, da ke zaune a kwarin ta tashe su daga matsugunansu, suka koma Hoonah, wani gari da ke kusa. A 1794 ayarin jiragen Kyaftin George Vancouver na Birtaniya ya bi ta wurin, ya tarar da bangon ƙanƙara kusan a bakin teku. Da John Muir, wani mai nazarin tsirrai da duwatsu, ya shiga a kwalekwale a 1879, tare da 'yan Tlingit masu yi masa jagora, ƙanƙarar ta ja baya da kilomita gommai. A yau jan da ta yi ya kai wajen kilomita 100.

Amfanin wannan ga mai bincike shi ne an san shekarar da kowane yanki ya fito fili. Wanda ya taso daga bakin ƙanƙarar ya nufi bakin teku, kamar yana ratsa gonaki ne da aka jera bisa shekaru: ga na shekara biyar, ga na arba'in, ga na ɗari biyu.

Abin da ƙanƙara ta bari ba ƙasa ba ce tukuna. Tsakuwa ce da yashi da garin dutse mai laushi kamar tsaki da gari a cakuɗe, da manyan duwatsu nan da can. Akwai sinadarin farar ƙasa a ciki da yawa, don haka a ma'aunin tsami, wanda 7 ne tsakiyarsa, tana kaiwa 8 ko sama kaɗan, wato ta karkata ga ɓangaren kanwa. Naitirojin, sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya, kusan babu shi, domin ba daga irin wannan dutsen yake fitowa ba, sai dai daga iska ta hannun halittu. Fosfaras kuwa yana nan, amma a kulle cikin ƙwayar dutsen, sai ruwa da tsami sun narkar da shi a hankali.

Su wa ke fara sauka

Abu na farko da ido ke gani baƙin ɓawo ne a fuskar garin dutsen. Mai rai ne. Ƙananan halittu ne dangin koren da ke fitowa a jikin randa, tare da gansakuka da makamantanta. Suna saƙa zaruruwa a tsakanin ƙwayoyin ƙasa su riƙe ta, wasu cikinsu kuma suna kamo naitirojin daga iska, kaɗan-kaɗan. A cikin wannan ɓawo da tsagar duwatsu ne 'ya'yan tsirrai masu gashi, waɗanda iska ke ɗauka kamar audugar tumfafiya, suke maƙalewa: wani ɗan itace da ake kira wilo, da wata fulawa mai ruwan hoda, da wani tsiro mai shimfiɗa da ake kira Dryas.

Dryas ɗin ne ke fara canza lissafi. Yana yaɗuwa a ƙasa kamar tabarma, a saiwarsa kuma akwai ƙulle-ƙulle irin na gyaɗa da wake, inda ƙwayoyin halitta ke zaune suna mayar da naitirojin na iska abincin tsiro. Zuwa shekara talatin ko arba'in tabarmin sukan haɗe su rufe fili. Bayansa sai alda, wani itace mai cunkushewa da tsayinsa kan kai na ɗaki ko ya wuce, shi ma mai ƙulli a saiwa, amma ƙarfin aikinsa ya ninka na Dryas. Wajen shekara sittin zuwa saba'in yakan zama kurmin da mutum ba ya ratsawa sai da wahala. Ganyensa na zuba duk shekara ya ruɓe, baƙar ƙasa ta fara taruwa a sama.

A nan ne masana biyu, Robert Crocker da Jack Major, suka yi awon da ya shahara, wanda suka wallafa a 1955. Sun tarar cewa a ƙarƙashin alda ma'aunin tsamin ƙasar sama yana sauka daga wajen 8 zuwa wajen 5 cikin shekara talatin zuwa hamsin. Ruɓaɓɓen ganye na fitar da tsami, ruwan sama na wanke farar ƙasar zuwa ƙasa, naitirojin na ƙaruwa, ƙasar na yin sako-sako. Daga nan sifrus, dogon itacen katako mai ganye kamar allura, yake ratso kurmin ya yi masa inuwa har aldan ya mutu. A wuraren da suka kai shekara ɗari biyu, kusa da bakin teku, daji ne sosai na sifrus da ɗan'uwansa hemlok.

Inda lissafin ya ƙi

Haka aka daɗe ana koyar da labarin a makarantu, kamar tsani: wannan ya share wa wancan hanya, wancan ya share wa na gaba, lokaci kuma ya yi sauran. Wanda ya tsaya a nan zai ce wa mai rami ya yi haƙuri kawai, wuri zai gyara kansa. Amma binciken da ya biyo baya ya nuna ba haka abin yake ba, kuma wannan sashen ne ya fi cancantar a zauna a kansa.

A 1994 Stuart Chapin da abokan aikinsa suka gwada abin a zahiri. Sun shuka iri sun dasa 'ya'yan sifrus a kowane mataki, suka ga alda yana bayarwa da hannun dama yana karɓewa da na hagu. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta fi kyau, gaskiya ne, amma inuwarsa da saiwoyinsa da tarin busasshen ganyensa suna hana ƙwayar iri taɓa ƙasa, suna kashe jaririn tsiro. Sifrus na iya tsirowa a fili tun kafin alda ya zo. Abin da ke jinkirta shi irinsa ya fi nauyi, ba ya tafiya nesa, itacen kuma sai ya shekara talatin ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, alhali alda cikin kimanin shekara goma ya fara watsa nasa.

Shekara guda bayan haka, a 1995, Christopher Fastie ya ƙirga zoben shekaru a cikin kututturen itatuwa, ya gano cewa tsofaffin dazuzzukan bakin teku ba su bi tsanin nan yadda aka zata ba. Suna kusa da tsohon dajin da ƙanƙara ba ta taɓa ba, don haka irin sifrus ya isa da wuri kuma da yawa. Wuraren da ke can ciki, nesa da uwar iri, alda ne ya riga ya mamaye su ya daɗe. Ashe filin shekara ɗari biyu ba hoton abin da filin shekara hamsin zai zama ba ne. Kowanne da hanyarsa, kuma nisan uwar iri na cikin manyan abin da ya raba su.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga wasu 'yan filaye masu faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. William Cooper na Jami'ar Minnesota ne ya kafa su a 1916, ya sa musu alama da ƙarfe, ya rubuta kwatancensu da taku da kamfas daga manyan duwatsu, ya riƙa komawa yana ƙirga kowane tsiro. Ƙoƙarinsa na cikin abin da ya sa gwamnatin Amurka ta keɓe wurin a 1925. A 2016 Brian Buma ya bi tsofaffin takardun Cooper ya sake gano filayen. Bayan shekara ɗari cif, ba su zama dajin sifrus ba. Wilo, wanda yana cikin waɗanda suka fara sauka, shi ne ya fi rinjaye, yana yaɗuwa ta reshe da saiwa ya hana baƙo wuri. Wanda ya riga sauka shi ya riƙe filin.

Akwai ƙarin gyara guda. An daɗe ana ɗauka naitirojin ne kaɗai ke tauye sabon fili. Gwajin da aka wallafa a 2018, wanda aka yi a gaban wani kogin ƙanƙara a tsaunukan Peru da wani a tsakiyar Alaska, wurare masu sanyi da ƙarancin ruwa, ya nuna zuba fosfaras ne ya sa tsirrai suka taso da sauri, naitirojin bai yi wani tasiri ba. Ko a nahiyarmu ana ganin irin wannan tafiya: a Dutsen Kenya, wani ɗan tsiro mai rawayar fulawa yana bin sawun ƙanƙarar Tyndall yana hawa sama yayin da take janyewa.

Abin da ya yi daidai da namu, da wanda bai yi ba

Kafin a ɗauko darasi dole a faɗi bambanci, don kada a yaudari manomi. Bakin Glacier Bay na samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, ga sanyi da ke hana ƙasa bushewa. Arewacin Jigawa, wajen Maigatari da Birniwa, ruwan 'yan watanni ne, sai rani mai tsawo. A can iri da naitirojin ne matsala. A nan ruwa ne na farko: yana sauka a kan fako ya gudu, bai shiga ko tsawon ɗan yatsa ba.

Na biyu, garin dutsen Alaska sabo ne, fosfaras ɗinsa na nan yana jiran a buɗe. Marmararmu tsohuwa ce ƙwarai, ruwan dubban shekaru ya wanke ta, ɗan fosfaras da ya rage kuma sinadarin ƙarfen da ya ba ta jan launi ya riƙe shi gam. Don haka itace mai ƙulli a saiwa ba zai wadatar shi kaɗai ba, domin ƙullin kansa ba ya aiki sosai in babu fosfaras. Tsamin da alda ya kawo a can alheri ne, amma jar ƙasarmu ta riga ta karkata ga tsami, ba ta bukatar ƙari. Na uku, a can babu garken awaki da ke bi kullum, babu mai sassabe, babu gobarar daji.

Abin da ya zo ɗaya shi ne fili ba ya farfaɗowa sai iri ya iso, ya sami inda zai maƙale, kuma wanda ya fara kama wuri shi zai daɗe. Mai lura zai ga haka a ramin gefen hanya. Tsakiyar dandamalin tas take, amma duk inda wani dutse ko guntun kara ya tare iska, akwai ɗan tudun ƙura, a kansa kuma ƙarangiya ko kyasuwa ta fito. A bakin ramin tumfafiya ce, don irinta na tashi sama. Inda ruwa ke kwanciya tafasa ce da 'ya'yan bagaruwa, waɗanda suka iso a cikin kashin dabbobin da ke zuwa shan ruwa.

Baƙin ɓawon ma muna da shi, a saurukan da aka daɗe ba a noma ba da kan tudun yashi. Ana rikita shi da ɓawon laka, wanda ɗigon ruwan sama ke daddaɓewa ya toshe ƙasa. Gane su ba wuya. Ka yayyafa ruwa ka ɗan jira: mai rai zai yi duhu ya ɗauko kore. Ka ɓamɓaro shi da wuƙa ka ɗaga, za ka ga ƙwayoyin yashi suna reto a jikin siraran zaruruwa. Na laka farfashewa yake yi kamar sakaina. A kan jigawa mai rai ɗin shi ke riƙe yashi kada iska ta kwashe, kuma kofato na lalata shi cikin yini guda. Na laka shi ake fasawa.

Yadda za a bi da ramin

Aikin na farawa da rani, daga Maris zuwa Mayu. A fara zagaya wurin a ga uwayen iri da ke kusa: gawo, bagaruwa, dakwara, aduwa, magarya, kututturen sabara da kalgo, gindin gamba a kan iyaka. Kada a sare ko ɗaya. Kututture mai rai ya fi dashe goma, domin saiwarsa ta riga ta yi nisa. A bar masa rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi, a datse sauran. Da wannan dabara ce manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da itatuwa a miliyoyin hekta tun daga shekarun 1980. In kamfani ya tara ƙasar sama a gefe, ita ce dukiyar wurin, don iri da ƙwayoyin halitta na cikinta. A baza ta ko da kaurin yatsa uku ne, a wuraren da za a shuka.

Sannan a yi wa ruwa da iri masauki. A kan dandamali mai tauri ana haƙa tassa: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare kamar jinjirin wata don ta tare ruwa. In aka bar mita ɗaya tsakanin ramuka, hekta na cin 10,000. Kowane rami a zuba masa ruɓaɓɓen taki cikin tafi biyu, wajen giram 300, wato tan 3 a hekta. A zuba makonni kafin ruwan fari, don gara ta zo ta ci ta huda ƙasan ramin. Garar da ake tsinewa a rumbu ita ce ma'aikaciya a nan: ko kara da buntu aka shimfiɗa a kan fako, ramukan da take haƙawa suna buɗe wa ruwa hanya. Karan kuma na tare ƙurar hunturu, wadda ke ɗauke da ɗan sinadarin da ƙasarmu ta rasa. Saboda matsalar fosfaras, lokacin shuka a ƙara takin kamfa cikin murfin kwalbar lemo, wajen giram 6 a rami, kilo 60 ke nan a hekta, a gefe kaɗan da irin, kada ya taɓa shi.

Zaɓen itace ya bi wuri. Ƙasan rami inda ruwa ke kwana bagaruwa ce, don tana jure ambaliya ta 'yan makonni. Gangare da busasshen gefe dakwara da aduwa da magarya. Gawo, duk da shi ne aldanmu, har ya fi shi kirki tunda yakan zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ba ya son marmara mai tauri. Yana neman ƙasa mai zurfi da saiwarsa za ta nutsa ta kai ga ruwa, don haka wurinsa bakin rami ne inda yashi ya taru. Irin gawo da na bagaruwa ɓawonsu na da tauri. A zuba musu tafasasshen ruwa da aka sauke daga wuta, a bar su su kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefen kowace ƙwaya, sannan a shuka. Tsakanin itatuwa a dasa gamba a layi, a gicciye da gangare. Kalgo da sabara ba sa ƙulli, amma suna tare ƙura da ganye, ƙasan inuwarsu kuma ta fi daɗewa da laima.

Inda aka fi yin asara sananne ne. A kawo dashen turare ko darbejiya a watan Satumba, a haƙa ɗan rami daidai ledar a cikin marmara, wani lokaci ko ledar ba a cire ba. Saiwa ta nannaɗe a ciki kamar a tukunya, ruwa ya ɗauke, zuwa Maris ya bushe. Dashe na Yuli ne, bayan ƙasa ta sha, a rami mai zurfin kamu guda da aka fasa ƙasansa. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona tsiro. Tassa a cikin yashi zalla rushewa take yi, a kwari kuma ruwa ya cika ta ya ruɓar da shuka. Sannan akuya: fili ba shinge, ba yarjejeniya da makiyaya da mai unguwa, aikin damina uku na iya tafiya cikin mako guda. Shingen ƙaya na shekara biyu zuwa uku, da alkawarin cewa za a yanki ciyawar a ba dabbobi in ta ƙosa, ya fi rigima arha. A kuma kula da wanda ake bari ya fara kama wuri. Ƙayar nan baƙuwa mai yaɗuwa da ake kawowa don tare hamada, in ta riga sauka a rami mai ruwa, za ta yi abin da wilo ya yi a filayen Cooper. A tumɓuke ta tun tana ƙarama.

Amsar da malamin gona zai ba mai ramin ita ce: "Baba, in an bar shi haka, mai yiwuwa jikoki su tarar da shi ja. In an yi tassa an tsare shi, ciyawa da ɗan gero a cikin ramukan daminar farko ne, inuwar bagaruwa 'yan shekaru ne, baƙar ƙasa irin ta da kuwa aikin gomman shekaru ce." Don a san ko ana ci gaba, a yi abin da Cooper ya yi. A ware fili mita ɗaya a tsakiyar dandamali, ɗaya a gangare, ɗaya a bakin rami. Kada a sa alamar ƙarfe, masu gwangwan za su cire, a binne dutse a kusurwa huɗu. Kowace Oktoba a rubuta tsirran da ke ciki da yawansu, a ɗauki hoto daga wuri guda, a kafa gwangwanin madara da aka fasa gindinsa, a cika shi da ruwa a ƙirga mintin da zai ɗauka kafin ƙasa ta shanye, a kuma tona gefe da wuƙa a auna kaurin duhun da ya fara taruwa a sama.